Fasfo A Cikin Yashi

Ƙanin matata ya san za a sako ruwa a kogin nan. An gaya masa baki da baki, ina tsaye a wurin, ya juyo ya ce mini maganar wuta ake yi. Abin da ya yi mini ke nan, kuma na sa shi a farko don kada wani ya karanta rabi ya ce tsautsayi ne. A gidanmu har yau tsautsayi ake kiransa. Yayarsa ma haka take cewa. Ni kuwa na san abin da idona ya gani.

A shekarar da Caina ta karɓi gasar Olamfik ne. Wasan can arewa ake yinsa, amma mu da ke Guangzhou mun ji shi a jikinmu. Biza ta yi wuya. 'Yan sanda suna bin benaye ɗaki-ɗaki, suna tsayar da baƙin mutum a bakin titi da tashar jirgin ƙasa, kuma abu ɗaya suke tambaya, fasfo. Wanda takardarsa ta ƙare ba ya leƙa waje sai dole. Ni tawa lafiya ƙalau take. Sana'ata jakunkunan mata, ina saro su a Shiling, wani gari da ke gefen Guangzhou, in aika Kano, kuma na sha wuya kafin in samu bizar da nake kai, mai dogon zango. Na san sarai idan fasfon nan ya ɓata a wannan lokaci, babu mai sake buga mini wata. Zamana a ƙasar da abincin 'ya'yana duk a cikinsa suke.

Shi ƙanin matata ni na kawo shi. Karatu ya zo yi, ni na tsaya masa, ya yi ɗan abin da ya yi ya watsar, ya koma tafinta a kasuwa. Ba yaro ba ne, ya ajiye gemu. Yana jin yarensu kamar a can aka haife shi. Ni firamare na yi, ita ma ban ga ƙarshenta ba. A yarensu abin da na sani bai wuce gaisuwa da godiya ba, sai lawban, wato maigida, sai meyo, wato babu. Don haka duk wata doguwar magana da ɗan Caina zai yi, ta bakin wannan mutum take iso mini. Kuma an san tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa. Ya ce mini tsoho, in ce masa ɗan boko rabi, ba a fushi, ba a riƙo. Da wasan nan ya riƙa rufe komai.

Wata Alhamis ya shigo ɗakina yana gumi, ya zauna bakin gado ba a ba shi wuri ba.

"Tsoho, ka taɓa kwana a tanti?"

"Na kwana a Mina."

"Wannan daban. Bakin kogi ne, gandun shaƙatawa na gwamnati, can bayan gari. Iska, itatuwa, ba hayaniya. 'Yan Caina haka suke hutawa. Kai kullum daga kasuwa sai ɗaki, za ka mutu ba ka ga komai ba."

Na dube shi. Mutumin da ba ya iya awa ɗaya babu na'urar sanyaya ɗaki, yau shi ne yake son daji. Kuma na ɗan jima ina lura da shi. Ya daina hawa jirgin ƙasa. Ya koma shigowa benenmu ta ƙofar masu shara. Ya taɓa cewa in ba shi fasfona ya duba mini ranar ƙarewa, alhali ban ce masa na manta ba. A lokacin labari yana ta yawo cewa wasu suna yawo da fasfon wasu, don a idon ɗan sandan can duk kamarmu ɗaya. Ni da shi kuwa dukkanmu dogaye ne, baƙaƙe, marasa jiki. Na ajiye wannan a raina.

Abin da ya sa na yarda maƙwabcina ne, wani ɗan Maraɗi mai saro takalma. Ƙaton mutum ne mai dariya, yana da ciwon ƙafa, yana jan ta in yana tafiya. Da ya ji maganar kogi ya ce wallahi sai an je, shi rabonsa da ya ga ruwan da ba na famfo ba har ya manta. Aiki ma ya yi sanyi a makon, masana'anta tana ta ja mini rai, zafin garin kuma kamar an kifa maka tukunya. Na ce to, in akwai mutum na uku, da sauƙi.

Ranar Asabar muka ɗauki direban da yake kai mu Shiling. Muka sayi nama wurin Musulmin Caina, muka ɗauki gawayi da buta da darduma da yajin da matata ta aiko. Muka yi arewa, muka bar benaye, muka shiga tsaunuka da gora. A bakin gandun akwai ɗan ofis inda ake ba da hayar tanti, wata mace tana zaune a ciki.

"Alhaji, kawo fasfonka."

Ka ji fa. In yana son abu Alhaji nake, in wasa ne tsoho.

"Naka fa?"

"Ɗaya ya isa. Kai ne babba."

Na miƙa wa matar da hannuna, ban bar shi ya taɓa ba, na tsaya har ta gama rubutu ta maido mini. Bayan ofishin akwai filin da aka tanada don kwana, a kan tudu, an yi masa daɓen siminti, ga famfo, ga fitilu, ga banɗaki. Iyalai sun kafa tantunansu, yara suna guje-guje. Ƙanin matata ya yi magana da matar, ta amsa, ta nuna filin, ta nuna mu ɗaya bayan ɗaya. Ya juyo ya ce wai ta ce wuri ya cika.

Na ga fili a buɗe da idona. Kuma kalmar babu tana cikin 'yan kalmomin da na sani, kullum ina jinta a kasuwa, ban ji matar nan ta ce meyo ba. Na faɗa masa haka.

"Tsoho ya fara jin yare! An kama wuraren ne, masu su suna hanya. Kuma kai da kake son sirri, za ka yi sallah yara suna leƙa ka? Zo ka ga inda zan kai ka."

Ya ja mu ta wata 'yar hanya, muka gangara, muka wuce wani shinge, muka isa kogin. Gaskiya wurin yana da kyau, ba zan hana shi wannan ba. Ruwa garai-garai, kana ganin duwatsun ƙasa. A tsakiya akwai wani ɗan tsibiri na yashi, fari tas, shimfiɗe kamar an share. Tsakaninsa da gaɓa ruwan bai wuce idon sawu ba. Muka naɗe wando muka tsallaka.

"Alhaji, kai ne babba, ka zaɓi wuri."

Tantuna biyu muka karɓa. Ƙaramin nawa ni kaɗai, babban nasu su biyu. Muka kafa su a kan yashin. Ina cikin buga turaku na ɗaga kai, sai na ga leda da busasshiyar ciyawa da wani tsohon silifa sun maƙale a rassan itatuwan gaɓa, sama da kaina.

"Kai, wa ya rataya shara a can sama?"

"Iska mana. Ko aljanun Caina, su ma suna shanya."

Ɗan Maraɗi ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Yau in ka kai ni bakin kowane kogi, abin da zan fara dubawa ke nan. In ka ga yashi fari babu ko tsiron ciyawa ɗaya, ruwa ne yake wanke shi. In ka ga shara a reshe, nan ruwa yake kaiwa. Amma ni mutumin cikin birnin Kano ne, ruwan da na sani kududdufi ne, shi ma uwata ba ta bar ni na shiga ba.

Bayan la'asar muna hura gawayi sai ga mai gadin gandun a kan babur. Siririn mutum ne, da jan ƙyalle a damtse da takalmin roba. Ya tsaya a gaɓa yana ɗaga murya, ƙanin matata ya tsallaka wurinsa da sauri, ni ma na bi shi. Mutumin ya yi magana mai tsawo. Ya nuna saman kogi, inda ya ɓullo daga tsakanin tsaunuka. Ya buga agogon hannunsa da yatsa. Ya miƙe tafin hannu ya ɗora a ƙirjinsa, nan daidai ƙasan wuya. Sannan ya nuna tudun da muka baro. Shi kuwa gogan yana ta gyaɗa kai yana murmushi, har ya ba shi sigari. Mutumin ya ƙi karɓa, ya sake ɗora hannu a ƙirji, ya hau babur ya tafi.

"Me ya ce?"

"Ya ce kada wutarmu ta wuce nan," ya taɓa ƙirjinsa, "kuma mu kashe ta da wuri."

"Wutar gawayi ce za ta kai ƙirjin mutum?"

"Doka ce, tsoho. Dole ya faɗa."

"Duk wannan dogon surutu, shi ke nan? Tudun fa da ya nuna?"

"Ya ce in muna son banɗaki yana can. Yarensu haka yake, magana kaɗan sai ta yi tsawo."

Na san ƙarya yake. Wannan ban yi shakka ba ko kaɗan. Abin da ban sani ba shi ne ƙaryar me. Raina ya ba ni maganar takardu ce, wataƙila mai gadin ya ce gobe za a zo duba fasfo, shi kuma yana lissafin yadda zai yi da nawa.

Muka gasa nama. Ɗan Maraɗi ya ci kamar an aiko shi, yana ba mu labarin wani lawban da ya sayar masa da takalma duk ƙafar hagu. Ƙanin matata bai ci na kirki ba. Yana ta duban saman kogi, yana ta duba waya, alhali babu sabis a wurin. Kafin magariba ya miƙe ya ce su za su mayar da tantinsu kan gaɓa, wai damshin yashi zai tayar wa ɗan Maraɗi da ciwon ƙafa.

"Ni ban yi ƙorafi ba," in ji ɗan Maraɗi.

"Za ka yi da safe. Tashi, Elhaji, ni zan ɗauka maka."

Suka cire tanti suka tsallaka, suka hau can sama inda ciyawa take. Ni bai ce in zo ba. Ya dawo ɗaukar buta, ya tsaya a kaina, ya rage murya.

"Alhaji, fasfonka yana jikinka?"

"Me ya kawo tambaya?"

"A'a, don kada ka ajiye shi a jaka ne. Ka bar shi a jikinka."

Nan na gama yanke hukunci. Yana son ya san inda yake. Kullum a wata 'yar jakar ɗamara nake sa shi, a ƙarƙashin riga, kuma shi ya san wannan. Ya kuma san barcina, in na kwanta ko ganga ake bugawa ba na ji, yayarsa ta sha ba da labari ana dariya. Don haka bayan na yi magariba, da na ga sun shiga tantinsu, na naɗe fasfon a leda, na sake naɗewa a wata, na ɗaga gefen tanti ta wajen da zan sa kai, na tona rami har gwiwar hannu, na binne, na daddale yashin. Na bar jakar ɗamarar a ƙuguna babu komai a ciki. Na ce in ya zo ya lalube ta. Wanda zai ce wauta na yi, ya gaya mini inda mutum zai ɓoye abu a tsibirin da babu komai sai yashi, ga wanda yake zargi yana kwance a tsallake.

Gari ya waye lafiya. Na yi asuba, na zauna ina lazimi, hazo yana tashi a kan ruwa. Rana ta ɗan ɗago sai na ji muryarsa daga gaɓa.

"Alhaji! Hau mu sha shayi!"

"Kawo mini nan."

"A nan muka hura wuta. Hau mana!"

"To ku sha."

Jim kaɗan ya sake kira. Wai in zo in ga wani tsuntsu. Can kuma wai ɗan Maraɗi yana son magana da ni. Ɗan Maraɗi kuwa ina hango shi yana zaune yana tauna burodi abinsa. Daga nan ya sauko har bakin ruwa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Tsoho, taurin kan nan naka da shi za a binne ka. Don Allah ka hau. Ka bar kayan, ni zan kwaso maka."

Ka bar kayan, ni zan kwaso. Na ce a raina, ashe ka lalube ɗamara ba ka samu ba, yanzu tanti kake so in bar maka. Na ce masa ba inda za ni, walha zan yi. Ya tsaya yana duban agogo, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Na ga wannan. Na ga bakinsa ya buɗe ya rufe. Kalma ɗaya ce ta rage masa, ruwa, kuma a Hausa zai faɗe ta. Ya juya ya hau.

A gida gabas muke fuskanta, amma a can alƙibla yamma take, kuma a tsibirin nan yamma ita ce inda ruwa yake gangarawa. Wato na ba saman kogi baya. Na tayar da sallah. Ina raka'ar farko na ji jiniya daga nesa, doguwa, tana tashi tana sauka. A Guangzhou kullum cikin jiniya muke, ban ɗauke ta komai ba. Na ji ɗan Maraɗi yana ihu, na ji wani sauti a bayana kamar motoci suna wucewa kan gada. Ban saba yanke sallah ba, ban yanke ba. Da na yi sujadar ƙarshe goshina ya sauka a kan darduma jiƙaƙƙiya, mai sanyi kamar daga firji.

Na sallame na juya. Kogin da na sani jiya babu shi. Ruwan ya koma ja, yana ɗauke da rassa da kumfa, tsibirin ya ragu saura kamar faɗin ɗaki. Inda muka tsallaka a idon sawu yanzu gudu yake yi.

"Alhaji, fito! Fito yanzu!" Ɗan Maraɗi ke nan, yana jan ƙafa yana saukowa.

Ban nufi gaɓa ba, tanti na nufa. Na durƙusa ta wajen kai na fara tono. Ruwa ya riga ya rufe wurin. Duk abin da na kwashe, yashi ya koma ya cike. Turaku suka tumɓuke, tantin ya juya, na rasa ma daidai inda na binne. Na tona nan, na tona can, ina lalube da hannu biyu a cikin ruwan da ba na ganin komai, yana hawa cinyata, yana janye yashin da ke ƙarƙashin gwiwoyina. Tantin ya tashi ya tafi da jakata da darduma, ina kallo.

Mai gadin ne ya zo. Ban san lokacin da ya iso ba, na dai ji abu ya bugi kafaɗata, igiya ce da wata jar roba a bakinta. Yana ihu yana nuna mini in zura hannu. Na zura. Da na shiga tsakiyar inda ruwan yake gudu, ya kawo mini nan, ƙasan wuya, daidai inda mutumin ya ɗora hannu jiya. A nan cikin ruwan na fahimci fassarar. Ƙafafuna suka bar ƙasa, na sha ruwa, suka ja ni kan duwatsu kamar buhu, gwiwata ta fashe. An ce shi ma ƙanin matata ya riƙe igiyar. Ɗan Maraɗi ya rantse mini a kan haka. Ni ban gani ba.

Ina kwance ina amai, mai gadin yana tsaye a kan gogan yana zazzaga masa faɗa. Ya buga agogo, ya nuna saman kogi, ya ɗora hannu a ƙirji, ya kama kunnensa ya ja, ya nuna shi. Wannan karon ban nemi tafinta ba. Sannan ya ciro rediyon hannu ya fara kira. Ƙanin matata ya ce bari ya samo mini busasshiyar riga a sama. Ya hau ta cikin gora. Ban sake ganinsa ba a gandun nan.

'Yan sanda suka zo, suka tambayi abin da suka saba tambaya. Ɗan Maraɗi ya ciro nasa. Ni na buɗe jakar ɗamara, babu komai sai ruwa. A ofishinsu aka kira wani ɗalibi ɗan Zinder ya yi mana tafinta, shi ya gaya mini sauran. Akwai dam a saman kogin, in an yi ruwa a tsaunuka sai a buɗe shi, ana sanarwa tun jajibiri, ana busa jiniya kafin a saki. Abin da mai gadin ya gaya mana jiya shi ne gobe da hantsi za a buɗe, mu tashi mu koma filin tudu. Matar ofis kuma ba ta ce wuri ya cika ba. Cewa ta yi duk mai kwana a filin sai ya nuna fasfonsa, kowa da nasa. Bizar ƙanin matata ta daɗe da ƙarewa. An yi ta raɗe-raɗin za a bincike benenmu a ƙarshen makon, shi ya sa ya nemi daji, ya kuma nemi mai takarda da zai karɓar masa tanti. Ba satar fasfona ya yi niyya ba, ya riga ya yi amfani da shi tun a bakin ƙofa.

Da ruwa ya janye an bar ni na koma da shebur. Tsibirin ma ba a inda yake ba, ya matsa ƙasa. Na yi ta tono har hannuna ya yi kanta, mai gadin yana tsaye yana girgiza kai. Ban samu ko ledar ba.

Sauran ba shi da daɗin faɗa. Rahoto, hoto, jira, takardar wucin gadi ta komawa gida, da wa'adin barin ƙasa. Azumi yana ƙaratowa, kayan sallah da na yi oda ban tsaya na ga an loda su ba. Masana'antar da na yi shekaru ina lallaɓawa a Shiling wani ya gaje ta. Na nemi biza daga Kano, aka ƙi, na sake nema, aka ƙi. Lokacin da aka ba ni, kasuwar ta wuce ni.

Ana gobe zan tashi ɗan Maraɗi ya gaya mini an ga gogan a kasuwar Baima, yana yi wa wani sabon Alhaji tafinta. Na tafi ina ɗingishi. Na same shi a wani shagon riguna, riƙe da jakar mutumin, yana dariya da lawban. Da ya gan ni dariyar ta tsaya, sannan ya yi ƙoƙarin maido ta.

"Tsoho! Ashe kogi ya ƙi ka. Na ce ko kifi ba zai iya da taurin naman nan ba."

Ban yi dariya ba. Sabon Alhajin ya dube ni ya dube shi.

"Haba Alhaji, ai na kira ka. Sau nawa na kira ka? Na ce ma ka bar fasfo a jikinka. Ni na san za ka binne shi kamar gyaɗa? Na ɗauka da safe zan fito da kai, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Da na faɗa maka gaskiya tun yamma, ai tudu za ka ce mu koma, a kama ni."

Na bar shi ya gama. Sannan na matsa kusa, na ɗora hannuna a ƙirjinsa, nan ƙasan wuya, na ce masa:

"Shayi ka kira ni. Tsuntsu ka kira ni. Kai ka kwashe tantinka tun yamma don ba ka yarda da agogon mutumin ba, ni ka bar ni na kwana a wurin. Da ka ce mini bizarka ta ƙare, da na ɓoye ka a ɗakina, ni na kawo ka ƙasar nan. Da ka ce mini ruwa, da na tono abina na hau. Nan ya kawo mini, ka ji inda hannuna yake? Gobe zan tafi. In Allah ya maido ka Kano, ka zo ka gaida yayarka, ba zan hana ba, amma a zaure za ka tsaya ta fito ta same ka. Kuma kada ka sake ce mini tsoho. Daga yau babu wasa tsakanina da kai."